Dan Allah miyar bitirut ta dace da wanda cikinsa ke saurin ɓaci?

Ummu Hanan:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka sani ko suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Ni dai cikina shekara kusan huɗu kenan baya son wasa, abu kaɗan zan ci sai ya kumbura yayi tam kamar ganga, ga murɗa ga ƙugi, wani satin bayan gida ya tsaya cak har kwana uku wani satin kuma ya tsinke, ga ƙwannafi da daddare in na ci abu mai maiƙo. Bayan gwaje-gwaje likita yace IBS ne, wato ciwon saurin ɓacin hanji, in dinga lura da abinda nake sawa a bakina. Toh watan da ya wuce sai aka min gwajin jini akace jinina yayi ƙasa, aka ɗora ni akan ƙwayar ƙarin jini, wata ƙawata kuma tace in dage da bitirut, jar saiwar nan ta kayan lambu, wai babu abinda ya kaishi ƙara jini. Ɗanyen ruwansa na kasa sha saboda warin ƙasa-ƙasan nan da yakeyi, shine tace to inyi miyarsa irin wadda ake sha da cokali.

Shekaranjiya nayi. Bitirut manya guda uku, albasa babba ɗaya da tafarnuwa na soya a mai, rabin kabeji, karas, dankalin turawa, tumatirin gwangwani cokali biyu, romon ƙashi, dana sauke na matsa lemon tsami. Wallahi tayi daɗi, tayi ja jawur har wani sheƙi take, na sha kwano biyu wajen ƙarfe takwas na dare. Ina kwanciya ƙirjina ya ɗauki zafi, can wajen biyun dare kuma sai ciki ya karɓa, iska ta cika ni ta ƙi fita ta sama ta ƙi fita ta ƙasa, haka na zauna na jingina da filo biyu har aka kira asuba. Da safe na shiga banɗaki naga fitsarina ja-ja kamar ruwan wankin nama, hankalina in yayi dubu ya tashi.

Abinda nake so in sani, shin bitirut ɗin ne bai karɓe ni ba ko yadda na haɗa miyar ne? Jan fitsarin nan fa, jini ne? Kuma da gaske yana ƙara jinin, dan in yana ƙarawa zan daure in cigaba ko da wahala.

Maman Walid:

Wa alaikumus salam. Sannu Ummu Hanan Allah ya ƙara sauƙi. Jan fitsari kam kar ki damu launin bitirut ne, nima yana min, zuwa gobe zai washe. Ni gaskiya miyar nan ta min rana dan ina fama da taurin bayan gida sosai tun haihuwata ta biyu, in na sha da daddare da safe lafiya lau nake fita babu yunƙuri. Ban taɓa ganin illarta ba, kayan lambu ne ai. Ƙila dai kin sha da yawa ne, kwano biyu a tashin farko ai yayi yawa.

Abu Ammar:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya baki lafiya. Abinda kika lissafa ɗin nan kusan borsh kika dafa ba tare da kin sani ba, miyar mutanen Yukren da Rasha da Folan, na zauna a Yukren shekara biyar ina karatu kuma zan iya cewa babu satin da ban sha ta ba. Haka suke yinta, bitirut da kabeji da karas da dankali da albasa a romon nama, su sa ɗan khal ko lemon tsami saboda tsamin ne yake riƙe jan launin kar ya koma ruwan ƙasa, sannan in an zuba a kwano a ɗora cokali guda na kirim mai tsami wanda suke cema smetana.

Dalilin da yasa na kawo wannan, su da miyar take abincinsu na kullum sun daɗe da raba tsakanin bitirut da miyar bitirut in ana maganar mara lafiya. Akwai wani tsohon tsari tun zamanin Tarayyar Sobiyet na wani likita Manuil Pevzner, ya kasa abincin marasa lafiya zuwa teburi 15, kowane ciwo da lambarsa, har yanzu zakiji tsofaffi suna cewa ni ina kan tebur na 5. A shekarata ta biyu ciwon ciki ya kwantar dani, zafi a saman cibiya kamar an ɗora garwashi, likitar data duba ni ta rubuta min tebur na 1 wanda shine na masu gyambon ciki da kumburin tumbi. A takardar an hana borsh ƙarara, an hana romon nama mai ƙarfi, an hana kabeji da albasa da duk wani abu mai tsami, amma a jerin abinda aka yarda in ci sai ga bitirut, da sharaɗin a dafa shi ligif a murje shi. Na tuna yadda ake kawo min shi a ɗan faranti, cokali uku ko huɗu, da ɗumi, babu komai a ciki sai ɗigon mai da gishiri, kuma bai taɓa tada min ciwon ba. A tebur na 5 na masu ciwon hanta da maɗaciya an yarda da borsh ɗin ma amma wadda babu nama babu suya. A tebur na 3 na masu taurin bayan gida har ƙarfafa cin bitirut akeyi, kinga maganar Maman Walid ta fito kenan. A na 4 kuma na masu gudawa babu shi kwata-kwata.

Tsarin tsoho ne, likitocin yanzu basa takura mutum haka, amma ni abinda na ɗauka a ciki shine kalmar ciwon ciki ɗin nan ta haɗa mutane da yawa da ba abu ɗaya ke damunsu ba. Zafin ƙirjin da kikaji kina kwanciya ni banaji bitirut ne, ki duba tumatirin gwangwani, lemon tsami, soyayyiyar albasa, maiƙon romon ƙashi, sannan kwano biyu na ruwa a tumbi ki kwanta a kai. Ko mai lafiya yayi haka zai iya jin gyatsa mai tsami. Ki bar aƙalla awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya. Kumburin ƙarfe biyun dare kuma wannan wani babin ne, masu IBS zasu fi ni bayani.

Anti Bilki:

Ƙanwata sannu, wallahi ina karanta rubutunki ina jin abin a jikina dan na kwana a zaune irin haka ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Shekarata tara da IBS. Abu Ammar ya gama magana akan ƙwannafi, bari ni in ɗauki na kumburin dan nan ne nafi sani.

Akwai wasu nau'ikan sukari a cikin abinci da ƙaramin hanji baya iya tsotsewa da kyau, ana haɗa su a kira su FODMAP, masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya ne suka fito da tsarin, Peter Gibson da Sue Shepherd, wajen 2005. Waɗannan sukarin suna wucewa har babban hanji, suna jawo ruwa, ƙwayoyin bakteriyar dake can su hau su suna ci suna fitar da iska. Kowa hakan na faruwa a cikinsa, bambancin mu masu IBS hanjinmu yafi jin abu, ɗan buɗewar da wani bazai ma lura ba mu sai ya zama mana murɗa. Kuma abin baya zuwa nan take, sai abincin ya gangara, yawanci daga awa huɗu zuwa sama, shiyasa kika sha ƙarfe takwas ya tashe ki ƙarfe biyu. Ni da wannan nake gane wanda ya min laifi, in zafi ne a ƙirji cikin awa ɗaya to tsami ne ko maiƙo, in kumburi ne can tsakar dare ko washegari to waɗannan sukarin ne.

Toh bitirut yana da su, musamman wanda ake cema furuktan, irin wanda ke cikin albasa da tafarnuwa da alkama. Adadin da aka auna akace yawancin masu IBS zasu ɗauka lafiya kaɗan ne ƙwarai, yanka biyu sirara, giram 20 zuwa 25 haka. Yanzu kiyi lissafi, manya uku zasu kai rabin kilo, in ma tukunyar ta bada kwano biyar ke kin sha biyu, kin ci giram 200 kenan, ninki takwas. Sannan ki ɗora albasa babba guda da tafarnuwa waɗanda su ne shugabannin tada ciki, sannan rabin kabeji. Ai cikin naki yayi ƙoƙari ma.

Wani abu da na daɗe ban gane ba kuma ya wahalar dani, furuktan yana narkewa a ruwa. Da ina tsince albasa a gefen kwano ina cewa ai ban ci ba, ashe duk abinda nake gudu ya riga ya fita ya shiga romon. Shiyasa miya ta bambanta da sauran girki, a miya ba'a zubar da komai, ruwan da aka dafa a ciki shi ake sha. Amma baya narkewa a mai, kuma nan ne mafitar take. Ki daddaƙa tafarnuwa manya-manya ki sa a mai a wuta kaɗan-kaɗan har ƙamshi ya tashi, ki tsame ta tas ki zubar kafin ki zuba ko ɗigon ruwa, man ya ɗauki ƙamshin ya bar matsalar. Ki dinga yin na ranar kawai, kar ki haɗa kwalba guda ki ajiye a kicin da tafarnuwar a ciki, yana iya zama guba. Maimakon albasa kuma ki sa koren ganyenta kawai, banda farin gindin.

Ga yadda nakeyin tawa, kuma sai da na lalata tukwane da dama kafin na tsaya a nan. Bitirut ƙarami guda ɗaya tak, in fere in yanka ƙanana in dafa shi daban har cokali mai yatsu ya shige ba gardama, in tsiyaye ruwan in zubar. Nasan zakiji kamar asara kike ganin jan ruwan nan na bin rariya, nima haka naji, amma wani kaso na abinda ke kumbura ki yana cikinsa. A wata tukunyar karas uku da dankalin turawa uku, su waɗannan biyun kusan babu FODMAP a cikinsu, su ne jikin miyar, da ɗan yanki na ɗanyar citta da gishiri da man tafarnuwar nan cokali ɗaya. In sun nuna in zuba bitirut ɗin in markaɗa a bilenda har tayi sumul. Launin baya kai na ki ja, yakan fito kamar ruwan hoda mai duhu, amma bitirut ɗaya ya isa ya rina tukunya guda. Wannan tana min kwano huɗu, kinga kowane kwano bai wuce ƙa'ida sosai ba. Da rana nake sha, da ɗumi ba da zafi tururu ba, kuma a hankali.

Na gwangwani da wanda aka jiƙa a khal an auna su an samu sun fi sauƙi, dan sukarin ya fita ya shiga ruwan jiƙon. Sai dai ke mai ƙwannafi na khal ɗin zai iya gyara miki ƙasa ya ɓata miki sama, gara na gwangwani ki ɗauraye shi.

Kuma dan Allah kar ki ɗauki maganata ki yanke duk abincin nan har abada, na taɓa yin wannan kuskuren na koma abu huɗu kawai nake ci na rame na fita hayyacina. Tsarin na sati biyu zuwa shida ne, daga nan a dinga dawo da abu ɗaya-ɗaya ana gani, dan kowa da iyakarsa. Ni yanzu ina ɗaukar rabin bitirut lafiya lau, amma albasa ko ƙanƙani har gobe bamu shirya ba.

Baban Khalil:

Salam. Ni ba IBS gareni ba amma naga Maman Walid tace bata da illa tunda kayan lambu ne, shine nace bari in sa baki dan wani zai iya karantawa ya ɗauka kowa da kowa ne. Ni tsakuwar ƙoda na taɓa yi har sau biyu, wanda bai taɓa ba Allah ya tsare shi, ciwo ne da yake tasowa daga kwiɓi ya sauko mara, na durƙusa a tsakar ɗaki ina amai ko miƙewa na kasa. Da aka auna tsakuwar akace ta kalsiyam okzalet ce, wadda itace mafi yawa a cikin tsakuwoyin ƙoda, kuma a jerin abinda akace in rage bitirut na sahun gaba tare da alayyafon turawa, ganyensa ma yafi saiwar yawan okzalet. Lokacin kuwa kullum safe sai na markaɗa ɗanye na sha saboda hawan jini. Bance shi kaɗai ya jawo min ba, rashin shan ruwa na ma yana ciki, amma dai ya taimaka.

Shima okzalet yana fita a ruwan dahuwa, dan haka dabarar Anti Bilki ta zubar da ruwan farko tana rage shi. Kuma an faɗa min in zan ci irin wannan in haɗa da abu mai kalsiyam a lokaci ɗaya kamar yogot, su haɗu tun a hanji su fita ta bayan gida basu kai ga ƙoda ba. Masu ciwon ƙoda da akace su rage fotashiyam suma su tambaya tukunna, giram 100 yana da sama da miligiram 300. Maganar hawan jini kuma gaskiya ne yana ɗan saukar dashi saboda sinadarin naitiret dake ciki, to wanda jininsa ke sauka dama ko yake shan magani ya lura da jiri.

Maman Walid:

Toh Baban Khalil na gode da gyara, wallahi ban san da maganar ƙoda ba, kuma maigidana ya taɓa yin tsakuwar nan gashi tare muke sha. Zan rage masa insha Allah.

Sista Rabi:

Wa alaikumus salam Ummu Hanan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma tambayarki ta uku ce tafi tsaya min a rai dan naga kince zaki daure ki cigaba ko da wahala. Dan Allah kar ki daure. Jan launin bitirut bashi da alaƙa da jini, wani sinadarin rini ne sunansa betanin, har a masana'antu ana amfani dashi wajen rina alawa da yogot. Ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini dashi, wanda ke cikin giram 100 na bitirut bai wuce miligiram 0.8 ba, mace mai al'ada kuma tana buƙatar wajen 18 a rana. Kwano biyun da suka hana ki barci basu baki ko 2 ba. Ƙwayar da aka baki in irin feros salfet ɗin nan ce ta miligiram 200, guda ɗaya tana da wajen 65. Abinda yake dashi da yawa folet ne, shima yana da amfani wajen haɗa jini, amma in ƙarancin ayon ne matsalarki ba shi zai ɗaga ki ba. Nama da hanta sun fishi nesa ba kusa ba.

Jan fitsarin kuma kamar yadda aka faɗa miki launi ne, yana faruwa ga wajen mutum 10 zuwa 14 cikin 100, kuma an lura yafi yawa ga masu ƙarancin ayon, kinga ke kina cikin waɗanda ake sa ran su gani. Bayan gida ma zai iya yin ja ko shunayya kwana ɗaya zuwa biyu. In ya wuce kwana biyu da daina ci bai washe ba, ko da zafin fitsari ko zazzaɓi ko ciwon kwiɓi, to ki je a auna.

Inda nake so ki buɗe ido sosai shine nan. Ƙwayar ayon tana maida bayan gida baƙi, bitirut yana maida shi ja, su biyun nan kuma su ne launukan da muke tambaya in muna neman ko mutum na zubar da jini ta ciki. Na taɓa karɓar wani dattijo da yayi kusan sati biyu yana ganin ja yana cewa ai bitirut ɗin da yake sha ne, sai da ya fara haki in ya hau bene aka kawo shi, leɓensa fari fat. Baƙin ayon yakan zama busasshe mai ɗan kore-kore, na jini kuwa baƙi ne wuluk mai danƙo kamar kwalta da wani irin wari da ba'a mantawa. In kinga wannan babu jira.

Sannan ina so in tambaye ki, an faɗa miki dalilin da yasa jinin ya sauka? Dan IBS shi kaɗai baya rage jini. In al'adarki na zuwa da yawa to wataƙila shine, in ba haka ba ya kamata likita ya sake dubawa, gwajin H. pylori, ƙwayar cutar dake jawo gyambon ciki, gwajin cutar siliyak ta masu rashin jituwa da alkama, da na ɓoyayyen jini a bayan gida. Kina shan ibufurofen ko dikulofenak ko asfirin? Suna cin bangon tumbi. Kuma ita kanta ƙwayar ayon tana kawo taurin bayan gida da tashin zuciya da ciwon ciki, kar a ɗora wa miya laifin duka. In za'a miki gwajin leƙa hanji da kyamara ki bar bitirut kwanaki kafin ranar, zasu faɗa miki ma.

Ummu Hanan:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wallahi naji sanyi a raina. Fitsarin ya washe tun jiya da yamma alhamdulillah. Sista Rabi kin taɓo inda yake, al'adata tana kai kwana takwas kuma da yawa, kuma eh ina shan dikulofenak duk wata saboda ciwon mara wani lokacin ma ban ci komai ba, ban taɓa faɗawa likitan ba dan ban ɗauka yana da alaƙa ba. H. pylori an min shekara biyu da suka wuce babu, na siliyak ɗin ne ban taɓa ji ba. Ina da ganin likita ranar Litinin zan faɗa masa duka.

Anti Bilki tambaya biyu, zan iya sa dunƙulen ɗanɗano a taki miyar? Kuma ragowar waccan tukunyar tana firij, in zubar ne?

Anti Bilki:

Ki juya bayan kwalin ki karanta, yawancinsu akwai garin albasa ko na tafarnuwa a ciki kuma garin yafi ɗanyar ƙarfi tunda an busar an tattara shi wuri ɗaya. Ni na daina, gishiri da citta da ɗan ganyen faski sun ishe ni, in ina son ɗanɗanon nama sai in dafa tsokar kaza babu fata a ruwa zalla in yi amfani da romon bayan na kwashe man dake sama. Ragowar kuma ba sai kin zubar ba in tun ranar kika sa a firij kuma bata wuce kwana uku ba, ki ba mutanen gida masu lafiyayyen ciki su tafasa su sha, ke dai kar ki kusance ta. Ki bari cikinki ya kwanta tukunna kamar kwana huɗu ko biyar kafin ki gwada tawa, dan in kika gwada akan ciki a hargitse bazaki gane komai ba. Ranar farko ƙaramin kofi kawai, kuma kar ki haɗa da wani sabon abu ranar, ki rubuta lokacin da kika sha da abinda kikaji har washegari. In satin gudawa ne ki ɗaga sai ta tsaya.

Ummu Hanan:

Salam, na dawo da bayani kamar yadda nayi alkawari a raina. Likita ya hana ni dikulofenak ya canza min wani, ya tura ni wajen likitar mata akan al'adar, an ɗebi jinin siliyak ɗin ana jiran sakamako, kuma ya maida ƙwayar ayon ɗin kwana ɗaya a sha kwana ɗaya a huta, tun daga nan tashin zuciyar safe ya ragu sosai. Miyar Anti Bilki nayi ta sau biyu. Na farko ƙaramin kofi da azahar, shiru kakeji har washegari, ko gyatsa babu. Bayan kwana uku na ƙara na sha kwano guda cikakke, da daddare naji ɗan ƙugi da iska amma ba murɗa kuma nayi barcina, da safe bayan gida ya fita da sauƙi wanda rabona da haka an kwana biyu. Ina ganin iyakata tana tsakanin kofin da kwanon. Hanan ma ta sha tace in dinga yi, ita nata na matsa mata lemon tsami a kwanonta. Sati mai zuwa zan gwada sa kabeji kaɗan in gani ko dashi a cikin masu laifin, Anti kamar yaya zan fara, cokali nawa?

Anti Bilki:

Alhamdulillah naji daɗi wallahi. Ki fara da cikin tafin hannu ɗaya na yankakke a tukunyar gaba ɗaya, ki dafa shi ya nuna sosai kafin ki markaɗa, kuma ki tsaya a kofi ranar kar ki hau kwano. In kwana biyu sun wuce lafiya sai ki ninka. Ki dawo ki faɗa mana sakamakon gwajin in ya fito.